Yadda Za A Ƙara Wa Kwamfutar Ofis Sauri Kafin A Yi Batun Sayen Sabuwa

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi ya kuma bar Naira ta nemi farashinta, duk wani kaya da ake shigowa da shi daga ƙetare ya ƙara tsada. Dalar Amurka da ake saya a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a farkon shekarar 2024. Na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, tana cikin kayan da wannan al'amari ya shafa kai tsaye, domin kusan dukkan sassanta daga waje suke zuwa. Ɗan kasuwan da a da yake sauya kwamfutar ofishinsa da zarar ta fara nauyi, yanzu tilas ne ya tsaya ya yi lissafi tukuna.

Abin da wannan darasi zai nuna shi ne cewa nauyin kwamfuta galibi daga sashe guda yake tasowa, kuma wanda ya gano wannan sashe yakan magance matsalar da kuɗi kaɗan, wani lokaci ma ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Wanda kuwa bai gano shi ba, yana iya kashe kuɗi mai yawa a inda ba ya da amfani.

Asarar da ba ta shiga littafi

Akawu yakan rubuta kuɗin haya, da albashi, da man janareta, amma babu wani layi a littafinsa da ke nuna lokacin da ma'aikaci ya ɓata yana jiran kwamfuta ta buɗe. Duk da haka asara ce ta zahiri, kuma ana iya ƙididdige ta.

Alal misali, a ɗauka ma'aikaci yana karɓar albashin N150,000 a wata, yana aikin sa'o'i 8 a rana na tsawon kwanaki 22. Wannan ya kama sa'o'i 176, wato kowace sa'a tana tashi a kan kimanin N850. Idan jiran kwamfuta yana cinye masa minti 30 a kowace rana, tun daga kunna ta da safe, zuwa buɗe takardar lissafi, zuwa buga rasit, a wata ya rasa sa'o'i 11, kimanin N9,400 ke nan. A shekara asarar ta haura N112,000, idan kuma ma'aikatan biyar ne ta wuce rabin miliyan. Wannan lissafi bai haɗa da mai saye da ya gaji da tsayuwa a gaban kanta ya tafi wani shagon ba, ko man da janareta ya sha a banza.

Da irin wannan adadi ya kamata mai kamfani ya auna kowane gyara da aka kawo masa. Gyaran da zai mayar da kuɗinsa cikin 'yan watanni jari ne mai kyau. Wanda kuwa zai shekara uku bai mayar ba, sai a sake tunani.

Sassa uku da suke tafiyar da aiki

Za a fi fahimtar kwamfuta idan aka kwatanta ta da shagon sari. A cikin shagon akwai yaron da ke sallamar masu saye, akwai kantar da yake baza kayan da ake ciniki a kai, akwai kuma sito a baya inda aka jibge sauran kaya. Yaron shi ne firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da lissafi. Kantar ita ce ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, wadda take riƙe abin da ake aiki a kansa a wannan lokaci, kuma takan manta da komai da zarar an kashe na'ura. Sito kuwa shi ne faifan ajiya, inda manhajoji da fayiloli suke zaune dindindin.

Idan kanta ta yi ƙanƙanta, tilas yaro ya riƙa zarya zuwa sito. Idan kuma siton yana da nisa ko ƙofarsa tana da wuyar buɗewa, komai zafin naman yaron sai ciniki ya tsaya. A irin wannan shago, ɗauko yaron da ya fi gudu ba zai sauya komai ba. Haka abin yake a kwamfuta: saurinta gaba ɗaya ba ya wuce saurin sashen da ya fi rauni a cikinta.

Wani abin lura shi ne cewa kwamfutar da ta yi sauri shekaru bakwai da suka wuce tana iya yin nauyi a yau ko da babu abin da ya lalace a cikinta, saboda manhajoji ƙara girma suke yi. Manhajar Windows 95 tana iya tashi da RAM mai megabait 4, amma Windows 11 da ta fito a 2021 tana buƙatar gigabait 4 a ƙalla, wato ninki dubu ke nan. Tun a shekarar 1995 masanin kwamfuta ɗan ƙasar Suwizalan, Niklaus Wirth, ya yi gargaɗin cewa nauyin da manhajoji ke ƙarawa ya fi saurin da na'urori ke ƙarawa.

Gano inda cikas yake

Kafin a kira mai gyara, akwai binciken da mai kwamfuta zai iya yi da kansa cikin minti biyar. A kwamfuta mai amfani da Windows, idan aka danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc a tare, wani shafi mai suna Task Manager zai buɗe. A sashensa na Performance ana ganin yawan aikin da firosesa, da RAM, da faifan ajiya suke yi, kowanne bisa kashi cikin ɗari. Ya kamata a duba wannan shafi a daidai lokacin da kwamfutar take nauyi, alhali manhajojin da aka saba aiki da su suna buɗe.

Idan faifan ajiya ya tsaya a kan kashi 100 na tsawon lokaci alhali firosesa tana hutawa, matsalar ta sito ce. Idan RAM ta wuce kashi 80 ta zauna a can, kanta ce ta yi kaɗan. Idan kuwa firosesa ce ta cika, sai a koma sashen Processes a duba wace manhaja ce ke cin ƙarfinta, domin sau da yawa manhaja guda ce, wadda ma mai kwamfutar bai san tana aiki ba.

Akwai kuma yiwuwar cewa dukkan ukun lafiyarsu ƙalau, amma shafin banki ko wasiƙar imel sun ƙi buɗewa. A nan laifin na layin intanet ne. 'Yan kasuwa da dama za su tuna ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wasu manyan wayoyin sadarwa na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna suka yi ta tangal-tangal a Nijeriya. A irin wannan rana sabuwar kwamfuta da tsohuwa duk ɗaya suke. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ita ce a buɗe wani fayil da ke cikin na'urar kanta: idan ya buɗe nan take, sai a nemi kamfanin sadarwa.

Gyaran da ba ya cin kuɗi

Mataki na farko shi ne rage manhajojin da suke tashi tare da kwamfuta. Manhajoji da yawa sukan sanya kansu cikin jerin masu tashi da zarar an kunna na'ura, su ci gaba da cin RAM ko ba a buƙace su ba. A sashen Startup na wannan shafi na Task Manager ana ganin jerinsu, kuma ana iya dakatar da duk wadda ba a buƙata. Dakatarwar ba ta goge manhaja. Tana nan, za a buɗe ta idan aikinta ya taso.

Na biyu, a cire manhajojin da aka daina amfani da su, a kuma rage cunkoson faifan ajiya. Masu gyara sukan ba da shawarar a bar kimanin kashi 15 zuwa 20 na faifai a sake, domin Windows tana aron fili daga can idan RAM ta cika. Windows 10 da 11 suna da nasu abin shara mai suna Storage Sense wanda yake kwashe tarkacen fayiloli. Finafinai da hotunan biki da ma'aikata suke tarawa a kwamfutar ofis kuwa, doka ce ta mai kamfani za ta magance su.

Na uku, a riƙa sake tayar da na'ura ta hanyar zaɓen Restart, ko da sau ɗaya ne a mako. Dalili shi ne, a yawancin kwamfutoci masu Windows 10 da 11, kashewa ta hanyar Shut down ba ta share komai gaba ɗaya. Na'urar takan adana wani ɓangare na aikinta domin ta tashi da wuri, tare da duk wata tangarɗar da ke cikinsa. Restart ce take farawa daga tushe.

Na huɗu ya shafi manhajar shiga intanet, irin su Chrome da Edge. Kowane shafi da aka bari a buɗe yana riƙe da nasa kason na RAM, don haka sakataren da yake barin shafuka 30 a buɗe ya cika kantarsa da kayan da babu mai ciniki.

Na biyar shi ne batun ƙwayoyin cutar kwamfuta. Manhajojin sata da ake sauke wa mutane a kasuwa, da ƙananan ma'adanan filasha da suke yawo daga shagon buga takardu zuwa ofis, su ne manyan hanyoyin shigowarsu. Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi sukan yi amfani da firosesar mutum a ɓoye wajen haƙar kuɗin intanet ga wani can daban. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu mai gadi, Microsoft Defender, kuma ya wadatar ga yawancin ƙananan ofisoshi muddin ana sabunta shi. Ɗora masu gadi biyu ko uku a kan na'ura guda yakan ƙara mata nauyi, domin kowanne yana binciken fayil ɗin da ɗayan yake bincika. Haka nan a yi hattara da manhajojin da suke tallar cewa za su ninka saurin kwamfuta da dannawa guda. Da yawansu talla suke cusawa, wasu ma su ne cutar.

Zafi, ƙura da wutar lantarki

An ƙera firosesa ta yadda idan zafinta ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyos za ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Wannan ne ya sa wata kwamfutar take aiki lafiya da safe, amma da rana tsaka ta koma jan ƙafa. A lokacin hunturu ƙura takan toshe fanka da ƙofofin iska, a lokacin bazara kuma zafin ɗaki yakan ƙaru a kan na na'ura. Alamar ita ce fanka ta riƙa kuka babu ƙaƙƙautawa, gindin na'urar kuma ya yi zafi a hannu.

Maganin shi ne a kai wa mai gyara ya buɗe ya hure ƙurar a ƙalla sau ɗaya a shekara, mafi dacewa bayan hunturu, ya kuma sabunta man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta idan ya bushe. Kada a ɗora kwamfutar tafi-da-gidanka a kan katifa, ko darduma, ko tarin takardu, domin ta ƙasa take shaƙar iska.

Wutar lantarki ma tana da nata tasiri. Kwamfutar tafi-da-gidanka takan rage gudu idan tana kan batir domin ta yi tattalin caji, kuma ana iya sauya wannan a sashen tsarin wuta idan aiki ya buƙata. Wasu nau'o'in kuma sukan rage ƙarfin firosesa idan aka jona musu cajar da ba tasu ba ko wadda ƙarfinta bai kai ba. Ita kuwa kwamfutar tebur, ɗaukewar wuta ba zato yana lalata fayiloli yana kuma gajarta ran faifai, saboda haka na'urar riƙe wuta ta UPS tana cikin kayan da bai kamata a yi tsimi a kansu ba.

Gyaran da ya fi mayar da kuɗinsa

Idan bincike ya nuna faifan ajiya ne cikas, a nan ne ɗan kasuwa zai samu riba mafi girma. Tsohon nau'in faifai, wanda asalinsa ya koma ga ƙirar kamfanin IBM ta shekarar 1956, faranti ne mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wata allura da ke bi tana neman bayani. Sabon nau'in da ake kira SSD ba shi da wani abu mai motsi. Tsohon faifai yakan karanta megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD na gama-gari yakan kai kimanin 500, nau'in NVMe kuma yakan haura 3,000. Bambancin ya fi fitowa wajen nemo ƙananan fayiloli da ke warwatse, wanda shi ne yawancin aikin ofis. A nan SSD ya ninka tsohon faifai sau goma-goma. Kwamfutar da take cin minti biyu ko uku kafin ta tashi takan koma tashi cikin ƙasa da rabin minti.

Ga ofishin da aikinsa bai wuce rubutu da lissafi ba, SSD mai gigabait 256 ko 512 ya isa. Mai gyara yana iya kwafe duk abin da ke tsohon faifan zuwa sabon, ko kuma ya ɗora Windows sabuwa fil, wanda shi ne ya fi tsafta. Ko wanne aka zaɓa, wajibi ne a fara kwafe littattafan lissafi da bayanan abokan ciniki zuwa wani wuri daban kafin a taɓa ko da kusa ɗaya. Bayan an sauya kuma, a daina tsohuwar al'adar nan ta tattara fayiloli da ake kira difrag. SSD ba ya buƙatarta, kuma Windows tana kula da shi da kanta.

Idan RAM ce ta gaza, ƙari daga gigabait 4 zuwa 8 yakan kawo sauyi a bayyane, mai manyan takardun Excel ko zanen gine-gine kuma zai amfana da 16. Sai dai a nan dokar nan ta tattalin arziki game da raguwar amfanin ƙari tana aiki: kwamfutar da ba ta cinye gigabait 8 ba, ko an ba ta 32 babu abin da zai ƙaru sai kuɗin da aka kashe. Bugu da ƙari, RAM iri-iri ce, akwai DDR3, da DDR4, da DDR5, kuma wata ba ta shiga gurbin wata. A wasu siraran kwamfutoci ma an like ta da allon na'ura, ba ta ƙaruwa. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya saboda yawan buƙatar kamfanonin ƙirƙirarriyar basira, don haka a tambayi farashi a wurare biyu ko uku kafin a biya.

Ana samun waɗannan kayayyaki a kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas, da Banex a Abuja, da Farm Centre a Kano. Kamar kowace babbar kasuwa, akwai na gaske akwai jabu, kuma araha ba ta ado. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kaya da wa'adin garanti, a kuma sa mai gyara ya nuna lafiyar faifan da girmansa a kan allo kafin a bar shagon.

Lokacin da gyara ya zama asara

Akwai matakin da ci gaba da gyara ba ya da ma'ana. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba, ciki har da sabunta matakan tsaro kyauta ga kowa. Kamfanonin da suke son ci gaba da samun kariyar sai sun biya, inda aka sanya Dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin kuma yana ninkawa a kowace shekara har zuwa ta uku. Haɗarin zama babu kariya ba sabon abu ba ne: a watan Mayun 2017 ƙwayar cutar WannaCry ta kulle bayanai a ƙasashe fiye da 150, har da asibitocin Ingila, alhali tun a watan Maris na shekarar an fitar da maganin kafar da ta bi.

Windows 11 kuwa ba ta amincewa da kowace na'ura. Ban da RAM da fili mai gigabait 64, tana buƙatar wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, da firosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko makamanciyarta ta AMD. Wannan batu ya fi shafar masu sayen kwamfutar tokumbo. Rubutun Core i5 ko Core i7 da ke jikin na'ura bai isa shaida ba. Lambar da ke biye da shi ce take nuna zubi. Alal misali, i5-6200U zubi na shida ce, i5-8250U kuma na takwas. Wanda ya sayi ta farko don ta yi araha ya sayi na'urar da ba ta cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su.

Saboda haka, na'urar da ta cancanci Windows 11 ta cancanci a kashe mata kuɗin SSD da RAM, domin za ta ƙara shekaru tana aiki. Wadda ba ta cancanta ba, a cire ta daga harkar banki da bayanan abokan ciniki. Ana iya ɗora mata manhajar Linux, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi, ko a bar ta ga aikin da ba ya buƙatar intanet. Idan kuma za a sayar da ita, a goge faifanta sarai ko a cire shi, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin bayanan mutanen da yake riƙe da su.

Tsarin da ya kamata a bi

A taƙaice, ɗan kasuwa ya fara da lissafin abin da jinkiri yake ci masa, sa'an nan ya duba sashen da ya gaza. Ya gama da gyaran kyauta da sharar ƙura kafin ya fitar da kuɗi, ya duba zubin firosesa kafin ya sayi SSD ko RAM, sayen sabuwa kuma ya zama mataki na ƙarshe. Yana da kyau kowane ofis ya keɓe shafi guda a littafin kadarorinsa ga kowace kwamfuta, a rubuta shekarar da aka saye ta, da zubin firosesarta, da girman RAM, da nau'in faifai, da ranar da aka share ta ta ƙarshe. Idan aka auna minti nawa take ci kafin ta tashi gabanin gyara da kuma bayansa, mai kamfani zai ga da idonsa ko kuɗin da ya biya mai gyara sun yi aiki.